Amsa ga ɗan'uwan da aka ɗora wa kwamitin lafiya da kariyar ma'aikata

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an naɗa ka sakataren kwamitin lafiya da kariyar ma'aikata a sashenku, babu kasafi, babu mai zuwa taro, duk takardar da ka tura sama shiru kake ji, kana tambaya ta ina za ka fara. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin na zauna a kujerar da kake kai, kuma na ga inda irin shirun nan yake kai mutane.

Kafin komai, daga yau kada ka ƙara kai ƙorafi da baki kawai. Ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka kai ofishin darakta, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka tafi da kwafin gida. Gida na ce, ba durowar ofis ba.

Ga dalilina. A ɗakinmu na ajiyar fayiloli akwai wani soket da aka jona wa injin kwafi da fanka da butar lantarki duk a wuri ɗaya. Bangon wajen ya yi baƙi, in ka kai hannu za ka ji ɗumi, da rana kuma warin robar da ke ƙonewa yake tashi. Na rubuta. Na haɗa da maganar ƙofar baya da aka ɗaure da sarƙa da kwaɗo wai saboda ɓarayi. Takardar ta dawo da jan biro a gefe: a ajiye tukuna. Ranar da wutar ta kama, hayaƙi ne ya fara cika baranda kafin kowa ya ga harshen wuta. Muka ruga ƙofar baya, ga sarƙa, mai makullin an aike shi. Wani ya ciro tukunyar kashe gobara daga bango ya matsa, ko tari ba ta yi ba, babu komai a ciki. Akwai wata baiwar Allah mai buga mana takardu, tana da ciwon asma. Ina ganinta ta dafa bango, ta sulale ƙasa, bakinta a buɗe tana neman iska, tana nuna jakarta da hannu don abin shaƙarta na ciki, jakar kuwa tana can cikin hayaƙi. A tabarmar masu gadi muka ɗauke ta. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ƙirjinta bai koma daidai ba har ta bar aiki.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne daraktanmu na lokacin. Da ya iso, fayiloli ya fara tambaya. Ko sunan matar bai ambata ba. A gaban kwamitin bincike ya rantse babu wanda ya taɓa sanar da shi, aka buɗe fayil, takardata ta yi ɓatan dabo. Takardar tuhuma kuwa wani ƙaramin akawu aka miƙa wa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, wai shi ya bar buta a jone. Mutumin da ya rubuta "a ajiye" da hannunsa yana zaune yana kaɗa kai kamar abin ya dame shi. Bai taka asibiti ba. Kwafina mai hatimi shi ya wanke yaron, shi kuwa darakta canjin wurin aiki kawai aka yi masa. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Ka yi haƙuri, na yi nisa. Maganar rashin kasafi, kada ka bari ta tsayar da kai. Ka ɗauki littafi ka zagaya ginin, amma ba da manya ba. Tafi da mai shara, mai gadi, masinja da direba, su suka san matakalar da ke santsi, da wayar da ke jan mutum, da motar da birkinta ke wasa. Abin da ka samu ka raba shi biyu: wanda ba ya cin ko sisi, da mai buƙatar kuɗi. Cire sarƙa daga ƙofar gudu, kwashe karyayyun kujeru daga baranda, matsar da janareta nesa da taga, duk umarni kawai suke buƙata. Janaretan nan kada ka raina shi, iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri za a riƙa yi ana cewa gajiya ce.

In kuɗi ya fito, ka sa ido. Za su so sayen hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, saboda nan ne kwangila take kuma yana kyau a hoto. Masana harkar sun jera matakan kariya ne daga kawar da haɗarin gaba ɗaya, sai musanya shi, sai gyaran injiniya, sai tsarin aiki, kayan sawa su ne na ƙarshe. Safar hannu ba ta gyara tsohuwar waya. Tukwanen kashe gobara kuma ka duba takardar ranar da aka cika su, da allurar agogonsu ko tana kan kore. Tukunyar da ke ɗauke da iskar carbon dioxide, mai baƙin ƙaho a bakinta, ba ta da agogo, nauyinta ake aunawa. A koya wa kowa cewa ba a watsa wa wutar lantarki ruwa.

In wani ya ce maka wannan harkar masana'antu ce ba ta ofishin gwamnati ba, ka sa masa wannan a rubuce. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta ambaci aikin gwamnati da ma'aikatansa ƙarara, kuma ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da ya ga haɗari babba na gab da afka masa. A 2022 ƙungiyar ta sa lafiya da aminci a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Ma'aunin ISO 45001 na 2018, wato ƙa'idar duniya ta tsara lafiya da kariya a wurin aiki, shi ma a wuyan shugabanni ya ɗora nauyin, tare da sharaɗin a riƙa jin ta bakin ƙananan ma'aikata. Manya na jin tsoron takarda mai lamba fiye da kukan mutum.

Af, direbobi. Ba a taɓa sa su a lissafi, alhali su ake tayarwa da asuba bayan sun dawo tsakar dare. Ka sa su. In kuma gininku tsoho ne mai silin asbestos, kada a bar kafinta ya yanka ko ya huda shi haka kawai, ƙurarsa sai bayan shekaru da yawa take nuna kanta a huhu.

Ka ajiye littafin "saura ƙiris" a inda kowa zai iya rubutu: wanda ya zame bai faɗi ba, soket da ya yi tartsatsi, silin da ya rufto da dare. Kada a hukunta wanda ya rubuta, in ba haka ba littafin zai tsufa fari fat. Ka jawo ƙungiyar ma'aikata ciki, don kai kaɗai za a iya tura ka wani sashe a huta. Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar lafiya da kariya a wurin aiki ta duniya, ka fake da ita ka nemi a yi atisayen fita daga gini, a nan za a ga ƙofar da ba ta buɗuwa.

Taron da ba a zuwa kuma, ka daina rubuta "hukuma za ta duba". Kowace matsala a sa mata sunan mutum ɗaya da ranar da zai gama, a tura wa kowa kwafi. Kai ma ka nemi wasiƙar naɗinka da ta fayyace iyakar ikonka da wanda kake kai wa rahoto, don in abu ya faru, Allah ya kiyaye, sakataren kwamiti za a fara nema. In ba su ba ka wasiƙar ba, ka rubuta ka nema, shi ma a buga maka hatimi.