Mun buɗe ɗakin gwaje-gwaje ga jama'a, ta yaya za mu san ya yi amfani?

Tambaya: Ni malama ce a sashen nazarin halittu na wata jami'a. Ranar 10 ga Nuwamba, Ranar Kimiyya ta Duniya, mun buɗe ɗakunan gwaje-gwajenmu ga ɗaliban sakandare da iyayensu. Wuri ya cika, an yi hotuna. Yanzu waɗanda suka ɗauki nauyin taron suna so mu nuna musu tasirinsa. Me za mu auna?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Yawan mutanen da suka zo ki rubuta shi, amma shaida ce kawai ta cewa gayyata ta isa. Ba ya nuna abin da suka koma gida da shi.

Takardar nan da ake rabawa a bakin ƙofa, mai tambayar "Ka ji daɗin taron?", ita ma ba za ta fisshe ki ba. Mutanenmu suna da kara. Wanda kika tarba da fara'a, kika ba shi ruwa, ba zai rubuta miki cewa bai gane komai ba. Shi ya sa nake so mai raba takardar ya zama ba ɗan sashenku ba ne, kuma kada a rubuta suna.

Ainihin aikin yana farawa tun kafin taro. Ku zauna ku amsa: wane canji muke nema? Sani ne, ko sha'awa, ko yadda yaro yake kallon masanin kimiyya? Sai ku yi wa kowane mutum tambayoyi uku ko huɗu da shigarsa, ku maimaita su da fitarsa, kuna haɗa amsoshin da lambar da kuka ba shi. Tunda naku ya riga ya wuce, ki faɗa wa masu ɗaukar nauyi gaskiya cewa ba ku yi awon farko ba, sannan ki bi makarantu biyu ko uku yanzu. Ki tambayi yaran me suke tunawa da kuma wa suka ba labari. Yarinyar da ta leƙa madubin ƙara girma ta ga ƙananan halittu suna yawo a ɗigon ruwan kududdufi, ta koma gida ta hana ƙanenta shan ruwan rafi, ta fi mini takarda ɗari masu cewa "ya yi kyau".

Ga ƙananan yara akwai dabara mai sauƙi: a ba su takarda a ce su zana masanin kimiyya. Wani mai bincike, David Chambers, ya wallafa sakamakon irin wannan gwaji a 1983. Cikin zane kusan 5,000, guda 28 ne kacal suka nuna mace, kuma duk 'yan mata ne suka zana su. Ki gwada kafin taro na gaba da bayansa, ki ga ko mace mai mayafi za ta fito a zanen.

Kada ki yi alkawarin da yini ɗaya ba zai cika ba. Binciken ASPIRES da Farfesa Louise Archer ta jagoranta a Ingila tun 2009 ya gano cewa yawancin yara suna jin daɗin darasin kimiyya, amma kaɗan ne ke son zama masanan kimiyya, kuma abin da suke gani a gida yana da nauyi sosai a nan. Don haka ki duba su waye suka zo. Idan 'ya'yan malaman jami'a ne suka cika wurin, ba ku kai ga yaran ƙauyen da ke bayan katangarku ba.

Sai abokan aikinki, waɗanda aka fi mantawa da su. Cikin mako guda ki zauna da kowannensu minti goma. Wace tambaya ce ta ba shi wahala? Awa nawa shiri ya cinye masa? Zai sake yi? Wanda ya yi shekaru yana nazarin ciyawar wuta-wuta, sai wani dattijo ya tambaye shi dalilin da ya sa ta fi addabar gonar da ƙasarta ta gaji, kuma dole ya amsa da Hausa ba tare da ya fake da Turanci ba, wannan ya koyi abu, wataƙila ma ya samo sabon abin bincike. Ki rubuta irin waɗannan tambayoyin kalma da kalma, ki sa su cikin rahoton tare da abin da bai yi kyau ba da gyaran da za ku yi baɗi.