Zazzaɓin mashaƙo ya sauka, me ya sa ake ta auna zuciyarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 6 ya yi ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, aka ce mashaƙo ne. Yau kwananmu 9 a asibiti, zazzaɓi ya sauka, har yana cin tuwo, amma an hana mu sallama wai sai an ƙara auna zuciyarsa. Kakarsa kuma cewa take da wanzami aka kai shi ya cire beli da tuni ya miƙe. Hankalina a tashe yake. Me ya haɗa maƙogwaro da zuciya? Wata uwa daga Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malama, kada ki matsa a sallame ku.

Ƙwayar mashaƙo ba yawo take yi a jiki ba. A maƙogwaro take zama, daga nan take zuba dafi cikin jini. Dafin yana kutsawa cikin ƙwayoyin halittar jiki ya hana su ƙera furotin, sai su mutu. Wannan fata mai ruwan toka da kika gani a maƙogwaronsa mataccen nama ne. Tsokar zuciya da jijiyoyi su ma dafin yana kai musu. Penisilin yana kashe ƙwayar, amma ba ya taɓa dafin, ita kuma allurar karya dafi wanda ke yawo a jini kawai take kamawa. Wanda ya riga ya shige zuciya yakan nuna kansa ne a mako na biyu, daidai lokacin da yaro ya fara wasa. Shi likitanki yake gadi.

Maganar beli kuwa, a ba Hajiya haƙuri, don ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma wannan maganar ta cinye mana yara. Tun da annobar ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 nake ganin abu ɗaya: a shigo da yaro rungume, tsumma jiƙe da jini a baki, numfashi yana ƙara kamar ana busa sarewa, a ce jiya aka cire masa beli. Beli bai yi laifin komai ba! Ubangiji ya halicce shi da aikinsa. Fatar mashaƙo manne take da nama, ka taɓa ta jini ya ɓalle, gutsure ɗaya ya faɗa maƙoshi ya toshe numfashi. Ga askar da aka yi wa wani yaro aiki da ita ɗazu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwana uku ko huɗu da ake ɓatawa ana jiran miki ya warke, alhali dafi yana ta taruwa a zuciya. Wanzamin da ya ga wuya a kumbure ya sa ƙarfe, ya ji tsoron Allah, rai ne a hannunsa.

Ki sanar da ma'aikata nan take idan ya yi laƙwas, ko ya fara haki ko amai. Ko bayan sallama, idan ruwa ya riƙa fitowa ta hancinsa in ya sha, ko muryarsa ta koma ta hanci, ku dawo, jijiya ce. Shi kansa sai an yi masa rigakafi, domin ciwon ba ya ba da tabbacin kariya. 'Yan uwansa a ba su magani, a duba katinsu: allurar Penta, mai ɗauke da rigakafin mashaƙo, sau uku ce, mako 6, 10 da 14 da haihuwa, kuma kyauta ce. Wanda ya tsallake, a kai shi gobe.