Alhaji, "pagaríamos" ba "za mu biya" ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, shekara 11 ke nan ina harkar zoɓo. A da masu fitarwa nake sayar wa, bana na ce bari in fitar da kaina. Na sami wani kamfani a Meksiko, muka daidaita a kan dala 1,600 kowane tan, kwantena biyu, kowace tan 12. Sun ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari. Ɗan yayata ne ke fassara mini saƙonninsu, ya koyi Sifaniyanci a waya kuma yaron yana da kai sosai. Sun rubuto cewa: "Pagaríamos el saldo una vez que se venda la mercancía." Ya ce mini ma'anarsa za su biya ciko tunda an riga an sayar da kayan. Sai na aika musu takardun kwantenar farko, suka fitar da ita a tashar jiragen ruwa ta Veracruz. Yau wata huɗu ba ciko. Ta biyu tana kan ruwa, suna neman takardunta. Malam, damfarata aka yi? Kuma ina son shawararka, don ina shirin cin bashi in yi kwantena 10 a kaka mai zuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ajiye maganar kwantena 10 tukuna. Mutumin da dala 13,440 ɗinsa ke hannun wasu a wata nahiya, wasu 13,440 kuma suna yawo a kan teku, bai kamata bakinsa ya iya furta kalmar bashi ba.

Ko damfara ce ko ba damfara ba, jimlar da ka turo mini ba ta nuna sun yi maka ƙarya ba. Sun faɗa maka abin da suke nufi ƙarara, a rubuce, da harshensu. Ga abin da suka ce: "Ma iya biyan cikon idan har an kai ga sayar da kayan." Babu rana, babu alkawari, kuma a lokacin ba a sayar da ko furen zoɓo ɗaya ba. Tayi suka yi maka na ka ba su kaya su sayar, in sun sayar su biya. Kai kuma ka amsa tayin da aika takardu. Kuskurenka ɗaya ne: ka ɗora cinikin dala 38,400 a kan fassarar yaron da ya san kalmomi amma bai san sarrafa aikatau ba, kuma ka yi haka ne don ɗan yayarka ne, ba ya karɓar ko sisi.

Bari in nuna maka inda kuɗin suka zube, don ka gani da idonka.

Mu a Hausa aikatau ba ya motsi sosai, abin da ke gabansa ne ke ɗauke da lokaci. Mun biya, muna biya, za mu biya, mukan biya, ma biya. Duk wanda ya taɓa bin bashi a kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin "za mu biya ranar Laraba" da "ma biya". Na farko ana iya kai mutum gaban sarkin kasuwa a kansa. Na biyu kuwa sai dai ka ce Allah Ya sa. To Sifaniyanci a wutsiya yake ɗaukar wannan kaya. Tushen kalmar yana nan daram, ƙarshenta ne ke gaya maka wane ne, yaushe, kuma da gaske ne ko da sharaɗi. Idan ka taɓa zama a zaure kana bitar Larabci, fa'ala, yaf'alu, if'al, ka san irin abin. Aikatau ɗaya yana da siffofi sama da 50, tun kafin a zo ga waɗanda ake haɗawa da wani aikatau mataimaki.

Ɗauki kalmar da ta shafe ka, pagar, wato biya. Pagaremos: za mu biya. Pagaríamos: da mun biya, ma iya biya, in hali ya yi. Haruffa biyu ne tsakaninsu, kuma ɗan yayarka ya ga "pagar" a gaba da "mos" a baya, ya ce ai shi ke nan. Wannan siffa ta biyu da ita ake tayi, da ita ake ladabi, da ita ake barin ƙofa a buɗe. Ba laifi ba ne mai saye ya yi amfani da ita yayin ciniki. Laifin shi ne mai sayarwa ya ɗauke ta a matsayin sa hannu.

Rabin jimlar na biyu ya ma fi muni. Vender shi ne sayarwa. Da an riga an sayar, se vendió za su rubuta. Su kuwa se venda suka rubuta, wata siffa ce da suke kira subjuntivo, wadda ake amfani da ita ga abin da bai auku ba tukuna, ko ake fata, ko ake shakka. Duk inda ka ga cuando ko una vez que sannan aikatau ya zo a wannan siffa, to ana maganar ranar da ba ta zo ba, kuma babu wanda ya ce lallai za ta zo. Yaron ya mayar da "idan an sayar" ya koma "tunda an sayar". Da wannan kalma ɗaya ya mai da kai daga mai sayarwa zuwa mai ba da kaya a kan amana, ba tare da ka sani ba. Yanzu idan zoɓonka yana jibge a sitonsu suna jiran farashi ya tashi, a wurinsu ba su saɓa komai ba.

Na taɓa ganin irin wannan da wani mai fatu a nan Kano, shekarun baya, shi da wani mai saye a Sifaniya. Ranar Laraba saƙo ya shigo: "Pagamos el lunes." Wani yaron shagonsa da ya ɗan zauna can ya ce masa sun ce sun biya tun Litinin. Mutumin ya yi hamdala, ya ce banki ne ke jan ƙafa, ya saki takardu. Abin da bai sani ba, a aikatau masu ƙarewa da -ar, siffar "mu" ta yanzu da ta abin da ya wuce iri ɗaya ce sak. Pagamos na iya zama "mun biya", na iya zama "muna biya", kuma suna amfani da ita ga abin da ke tafe, kamar yadda kai za ka ce gobe ina tafiya Maigatari. Litinin mai zuwa suke nufi. Litinin ɗin ta zo ta wuce, ta kai shi wata bakwai, daga ƙarshe da ragi aka biya shi, wai an sami tabo a fatun. Na zauna da shi a shagonsa yana jujjuya wayar a hannu, yana karanta kalmomin nan uku kamar za su canza. Da ya nemi shaidar banki kafin ya saki takarda, da kalmar ta zama ko wace iri ce ba ruwansa.

Akwai kuma ɗan karan nan da suke ɗorawa a kan wasali, wanda mutane da yawa ba sa damuwa da shi idan suna rubutu a WhatsApp. Pago, ina biya. Pagó, ya biya. Pagué, na biya. Pague, ka biya, ko ya biya, a matsayin umarni ko fata. Pagará, zai biya. Pagara, da a ce ya biya. Mai harshen yana gane abin da ake nufi daga zubin magana ko da karan ya faɗi. Ɗan koyo ba ya ganewa, kuma abin da ya fi daɗin ji shi zai zaɓa ya gaya wa kawunsa. Manhajar fassara ma takan yi tuntuɓe a irin wannan wuri.

Ba yaron nake zargi ba. Wata shida a manhajar waya da kallon ƙwallon Madrid sun isa mutum ya yi gaisuwa, ya tambayi farashi, ya burge 'yan majalisa. Yaro ne da kawunsa ya ɗora a kujera ya ce karanta mini, a gaban mutane. Wane yaro ne zai ce "Kawu, wannan ban tabbata ba"? Kai ne ka san nauyin kuɗin. Na tabbata kafin ka sayi zoɓon nan daga Jigawa sai da ka zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ka damƙo na ƙasa, ka duba ƙura da danshi da launi. Ka gwada kowane buhu, amma jimlar da ta ɗauki kuɗin gaba ɗaya ba ka kai wa mutum na biyu ya duba ba. Ko dala 200 ƙwararren mai fassara ya caje ka, ka auna ta da 13,440.

Yanzu ga abin yi, kuma kwantena ta biyu ce a gaba. Kada takardar lodin jirgi ta asali ta bar hannunka. Yau ɗin nan ka kira wakilinka na tasha ka tambaye shi da sunan wa aka rubuta ta, kuma ka gaya masa kada a ba kamfanin jirgi izinin sakin kaya ta imel ko ta waya. Takardun su bi ta bankinka zuwa bankinsu, a miƙa musu bayan sun biya. Za su yi maka barazana da kuɗin kwanan kwantena a tasha, kuma gaskiya ne yana taruwa kullum. Amma su ma kafin alƙalaminsu na dala 5,760 yana cikin wannan kwantena, ba za su so ya nutse ba. Wannan ne kaɗai abin da ya rage maka na riƙo, kada ka sake shi don an yi maka magana mai daɗi. Ka fara neman wani mai saye a can tun yanzu, ko da ba za ka buƙace shi ba.

Game da ta farko, ka tattara dukan saƙonninku tun daga sallamar farko, ka kai wa wanda fassara ce sana'arsa, ya fassara maka su a rubuce ya sa hannu. Wataƙila a wani saƙon sun taɓa cewa pagaremos tare da rana, kuma in akwai, makami ne. Wataƙila kuma ɗan yayarka ya amsa musu da sunanka da wata kalma da ta nuna ka yarda da sharaɗinsu. Gara ka san wannan kafin ka fara ɗaga murya.

Daga nan ka nemi su sa hannu a kan pagaré. Abin sha'awa, kalmar nan ma'anarta ta asali "zan biya", kuma ita ce sunan takardar alkawarin biyan bashi a Meksiko da Sifaniya. Dokar Meksiko ta 1932 kan takardun bashi ta ce dole takardar ta ƙunshi alkawarin biyan ƙayyadadden kuɗi ba tare da wani sharaɗi ba, da sunan wanda za a biya, da lokaci da wurin biya, da sa hannu. Ka lura, ba sharaɗi. Wato ainihin abin da jimlarsu ta rasa. Mai riƙe da ita yana iya shigar da ƙara ta gajeriyar hanya, har kotu ta sa a riƙe kadarar mai bashi tun farkon shari'a. Lauyan can ne zai rubuta maka ita, ba ɗan yayarka ba, ba kuma ni ba. Ka nemi mai kamfanin ya tsaya a matsayin aval, wato mai lamuni da kansa. Yadda suka karɓi wannan buƙata shi zai amsa maka tambayarka ta damfara. Mai niyyar biya zai yi ta jayayya a kan rana. Wanda ba shi da niyya zai ce ai mu 'yan'uwa ne, me ya kawo takarda.

Kada ka manta da agogon gida. Idan ta fom ɗin NXP ka fitar, wato fom ɗin fitar da kaya waje da ake cikewa ta banki, Babban Bankin Najeriya yana son kuɗin kayan da ba na mai ba su dawo cikin kwana 180. Ka ci wata huɗu bayan kayan sun sauka, ban da kwanakin teku. Ka je bankinka da kanka ka yi musu bayani da takardu kafin su neme ka.

Shi kuma yaron, kada ka kore shi, kada ka kunyata shi a gaban uwarsa. Ka biya masa kuɗin karatu wurin malami na gaske, ka sa shi ya rubuta maka pagar, vender, enviar (aikawa) da recibir (karɓa) a dukan siffofinsu a babban kwali, ya manna a bangon shago. Ya ci gaba da gaisuwa da tambayar farashi. Duk saƙon da ke da adadi ko rana a ciki, sai ya bi ta hannun ƙwararre kafin ka amsa.

Idan sun ba da amsa kan pagaré, turo mini ita yadda suka rubuta, da Sifaniyancinta, kada a fassara. Maganar kwantena 10 kuma sai ranar da ka nuna mini shaidar banki ta cikon biyun nan.