Siyasa ta raba ni da yayana da ƙawata, zuciyata kuma ta fara bushewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Tun zaɓen 2023 ba ma ga-maciji da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, don ban zaɓi wanda ya zaɓa ba. Har cire ni ya yi daga zauren WhatsApp na gidanmu. Ina da ƙawa Kirista a Sabon Tasha, tare muka yi karatu, amma tun da na ga abubuwan da take rubutawa a Facebook ko gaisuwa ta gagara. Kwanan baya aka kashe ƙanin mahaifinta a wani hari a ƙauyensu, ban kira ta ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na ji labarin, sai zuciyata ta ce, "Ai mu ma ana kashe mana." A zauren unguwarmu ina ganin ana yaɗa ƙarya a kan mutane, ba na iya cewa komai kada a kira ni munafuka. Barci ma ya fara yi mini wuya, ga wani zaɓen na tafe. Yaya zan yi in dawo da tausayina, in daina tsoro, kuma kada in yanke ƙauna da ƙasar nan?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Zan fara da abin da ya fi ba ki tsoro, domin shi ne babba. Maganar Yaya mai sauƙi ce a kansa, za mu zo gare ta.

Jin tsoron da kika yi da wannan tunani ya ɗarsu a ranki shaida ce cewa tausayin bai mutu ba. Wanda zuciyarsa ta riga ta ƙeƙashe ba ya rubuto wasiƙa. Hannun da ya daɗe riƙe da fartanya yakan yi kanta, haka zuciyar da ta daɗe tana karɓar labarin mutuwa. Ɗan Kaduna kuwa ya sha jin irin wannan labari: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da ya ci rayuka sama da 1,000, na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, sai na bayan zaɓe a Afrilun 2011. Daga baya ga satar mutane, daga ɗaliban Bethel Baptist a 2021 zuwa na Kuriga a 2024, ga abin da ya faru da masu Maulidi a Tudun Biri a Disamban 2023. Kowane gida da nasa mamacin, kuma kowa na ganin nasa ne ba a yi wa kuka yadda ya kamata ba.

Amma a aikin sasanci mun lura cewa abin da ya fi busar da zuciya shi ne nisa. Dattawan garin nan za su gaya miki cewa kafin 2000 akwai Kiristoci da yawa a Tudun Wada da Rigasa, akwai Musulmi da yawa a Television da Sabon Tasha, ana haya gida ɗaya, ana ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Bayan rikicin kowa ya kwashe kayansa ya koma inda yake ganin zai kwana da ido biyu a rufe, kogin Kaduna ya zama iyaka. Yaran da kike koyarwa yau, da yawansu ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Ke ma yanzu ba ƙawarki kike gani ba, rubutunta kike gani, shi ma wanda ta yi cikin fushi, domin irinsa Facebook ya fi turo wa mutane tunda shi ke jawo cacar baki. Ba ya nuna miki ita tana dafa wa mahaifiyarta abinci, ko tana neman kuɗin makarantar yara.

An taɓa gwada wannan a cikin garin nan. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun bi samari 849, Musulmi da Kirista, aka ba wasu daga cikinsu horon kwamfuta na mako 16. Wasu azuzuwan an gauraya, wasu kuwa 'yan addini ɗaya ne zalla. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna cewa ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai canja ba, abin da suke faɗa a da shi suke faɗa. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi tsakaninsu da wasu, waɗanda suka zauna a aji gauraye ba su nuna wariya kamar waɗanda suka zauna da 'yan uwansu kaɗai ba. Zama da naka zalla shi ne ya ƙara wariyar. Ina son wannan bincike don bai yi mana alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Ba sai kin yarda da siyasar ƙawarki ba, ba sai ita ta yarda da taki ba. Ana iya yi wa mutum adalci da alheri alhali ra'ayi na nan daram.

Don haka kada ki zauna jiran ranar da tausayi zai dawo sannan ki motsa. Zumunta a ƙafa take. Ki kira ta yau, ki ce kin ji rasuwar, kin yi jinkiri, ta yafe miki. Idan gari lafiya, ki shiga mota da rana ki haye gada ki je har gida, ki gaida iyayenta. A wurin ta'aziyyar akwai kalma ɗaya da nake roƙon ki riƙe a bakinki, ita ce "mu ma". Gaskiya ce, an kashe namu, amma ba ranar faɗinta ba ce. Mai makoki idan ya ji "mu ma", abin da ke shiga kunnensa shi ne an biya bashi. Ki tambaye ta wane irin mutum ne marigayin, 'ya'ya nawa ya bari. Tana iya faɗin magana mai zafi, tana iya cewa mutanenku ne. Ki bar ta ta gama. Ba a aike ki kare kowa ba, kuma ba ki ɗauki laifin kowa ba don kin yi shiru a gidan mutuwa. Sau da yawa a nan ne mutum ke jin hawayen da ya ɗauka sun ƙafe.

Sai maganar tsoro. Mutane na ɗauka jarumtaka ita ce zagin ɗaya ɓangaren, alhali wannan ba ya cin ko sisi, tafi ma ake yi wa mai yi. Mai wuyar ita ce ka ce wa naka, "Wannan ba gaskiya ba ne." Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci, aya ta 6 a Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da bincika labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci. Wanda ya kira ki munafuka don kin yi aiki da waɗannan, ba da ke yake jayayya ba. Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, yana da shekara 83 ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, ya tsaya a gaban 'yan bindiga. Ba a neman wannan daga gare ki. Abin da ke gabanki ƙarami ne: an turo hoton gawarwaki an ce jiya ne a wuri kaza, sai ki tambaya, "Don Allah wa ya ɗauka, kuma yaushe?" Da yawan irin waɗannan hotuna tsofaffi ne, wasu ma daga wata ƙasa. In kina gudun kunyata wanda ya turo, ki bi shi ta gefe, musamman idan babba ne. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su biyo ki a ɓoye su ce sun ji daɗi, domin masu shiru a zaure sun fi masu ihu yawa. Idan kuwa magana ta kai ga barazana, ki fita, babu wanda ya ɗora miki jefa kanki cikin haɗari.

Kuma kada ki fahimce ni da cewa ki ajiye ra'ayinki. Tsadar rayuwa tun cire tallafin mai a Mayun 2023 gaskiya ce, rashin tsaro gaskiya ne, kina da haƙƙin ki yi fushi ki kuma hukunta da ƙuri'arki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyun NEPU da NPC ba ta janye ba, yau ga babban asibiti da sunanta a garin da aka tsangwame ta.

Shi Yaya, a ganina girma ne ya motsa fiye da jam'iyya: ƙanwa ta ƙi bin maganarsa a gaban dangi. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ki je ki gaishe shi a gida, ki riƙa wa yaransa ɗan abu, kada ki ɗauko zancen zaɓe kuma kada ki ba da haƙuri a kan ƙuri'arki, don ba laifi kika yi ba. In ya ɗauko, ki ce, "Yaya, gaisuwa na zo yi." In abin ya ci tura, ki sa Hajiya ko wani kawu da yake jin nauyi. Waɗanda kuke faɗa dominsu sauya sheƙa suke yi, suna zuwa ɗaurin auren 'ya'yan juna.

Game da yanke ƙauna, ba zan ce miki komai zai daidaita a zaɓe mai zuwa ba. Zan dai tuna miki Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 suna ɓangarori biyu masu gaba: Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 suka fara aiki tare, kuma Wuye ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa da niyyar ramuwa a ransa. Su ne suka yi ta kai-komo har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta, aka rasa sama da mutum 200. Da wasu ne da sun ce aikin banza suka yi. Su kuwa suka ci gaba, har suka je Yelwan Shendam bayan rikicin 2004 suka shiga tsakani. Irin wannan fatan nake so ki riƙe, wanda ba ya dogara da labarin yau. Ke kuma kina da abin da da yawa ba su da shi, aji cike da yara. Ki hana kalmar "arne" a ajinki a matsayin zagi, ki nemi shugaban makarantarku ya haɗa ku da wata makaranta a ƙetaren kogi ko da wasan ƙwallo ne ko kacici-kacici.

Barcin kuma kada ki raina shi. Ki ajiye waya bayan sallar Isha'i, ki daina buɗe bidiyon gawa ko wa ya turo, labarai sau ɗaya a rediyo da safe sun wadatar. Idan aka yi mako biyu barci bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko gabanki na yawan faɗuwa ba dalili, ki ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa da rashin barci, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba, kuma kina iya farawa daga asibitin da ya fi kusa da ke su tura ki.