Tukunyar Masu Nutso Za Ta Yi Wa Baba Aikin Oksijin?

TAMBAYA: Salam likita, don Allah mahaifina ne aka sallamo daga asibiti, ciwon huhu ne irin na waɗanda suka daɗe suna shan taba, an ce mu riƙa sa masa oksijin a gida, to wallahi kuɗin cika silinda ya fara gagarar mu. Kawuna yana aikin nutso a teku can Fatakwal, ya ce zai aiko mana da tukunyarsa biyu da abin bakin mu haɗa. Zai yi?
Daga wani ɗan'uwa a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ba zai yi ba. Mutane ne kawai suke ce mata tukunyar oksijin, amma abin da ke ciki iskar nan ce da ni da kai muke shaƙa aka danna ta da ƙarfi, oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin ɗari, sauran kusan duk naitirojin, ko wadda suke kira nitrox, wato wadda aka ɗan ƙara mata oksijin, yawanci kashi 32 ce ko 36. Kenan in mai kashi 21 ɗin ce, da ka sa masa ita da ka buɗe masa taga duk ɗaya. Abin bakin kuma sai an cije shi an zuƙa yake sakin iska, shi ko Baba so ake oksijin tana shiga a hankali ta robar hanci ko yana barci, lita 1 ko 2 a minti ko dai yadda likitansa ya rubuta.

Kar kuma wani mai dabara ya ce a kai a ɗura mata tsantsar oksijin, nan ne haɗarin yake, ɗan giris ko maiƙon da ke bakin tukunyar ya isa ya kama da wuta nan take. Tukunyar oksijin ta masu walda ma a bar musu kayansu.

Ni da za ku ji shawarata, a haɗa kuɗi har da gudummawar Kawu a sayi na'urar nan konsantireta mai tace iskar ɗaki, mai lita 5 tana ba da oksijin sama da kashi 90, ba ruwanku da zuwa ciko. Matsalarta ɗaya wuta, in nefa ta ɗauke ta tsaya cak, don haka sai da inbata ko sola, kuma a ajiye silindar asibiti cike a gefe saboda dare. Janareta can waje nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake.

Ku nemi ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin ɗin jini. Masu irin ciwon Baba galibi 88 zuwa 92 ake so ya nuna, kar ka ga yana haki ka murɗa oksijin ɗin ka ƙure, yawanta na iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa ya yi ta barci ba ya farkawa sosai, in ka ga haka asibiti za ku nufa.

Sai ɗakin, saboda gudun gobara ba taba, ba risho, ba kaskon gawayi ko sanyi ya kai sanyi, a lallaɓa Hajiya ta kai turaren wutarta wani ɗakin. In hancinsa ya bushe da hunturu kar a shafa basilin, ku tambayi mai kemis man da aka haɗa da ruwa.