Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan biyan kuɗin fara shiga jirgi da ƙananan yara

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce za ki tashi daga Legas zuwa Kano ke kaɗai da goyon wata takwas da yayansa ɗan shekara uku, bayan biki kuma ku wuce Ingila wurin babansu. Wajen sayen tikiti kina ta ganin ana cewa ki ƙara kuɗi a shigar da ku jirgi kafin sauran fasinja, shi ne kike son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Ni dai shawarata kada ki biya. Na daɗe ina jigilar yara tsakanin Legas da gida, tun babbar tana goye har ga shi yanzu ita ke ja min jaka, kuma abin da na gani shi ne wannan kuɗin yana da inda ya fi dacewa ki kai shi.

Abin da ake son sayar miki, yawancin kamfanoni kyauta suke ba mai ƙananan yara. Idan za a fara shiga, akan fara kiran masu keken guragu, da tsofaffi, da masu jarirai. Matsalar filinmu na Ikeja, ko a sabon ɓangaren da ake kira MMA2 kike ko a tsohon ɓangaren jiragen cikin gida, ita ce hayaniya. Sau da yawa sanarwar ba ta fita sosai, kuma da mutane sun hango ma'aikaciya ta nufo ƙofa da takarda a hannu sai kowa ya miƙe, layi ya haɗu tun ba a kira kowa ba. Don haka kada ki zauna jiran a kira ki. Da kin wuce wajen bincike, ki je wurin wadda ke tsaye a ƙofar jirginku, ki gaishe ta, ki nuna mata katinki na shiga jirgi da yaran, ki ce ke kaɗai ce. Sai ki nemi kujera kusa da ita inda za ta riƙa ganinki. Galibi da kansu suke yafito ki idan lokaci ya yi. Mutanen Legas kuwa, duk da gaggawarsu, suna matsa wa mai goyo. Kada kunya ta hana ki wucewa gaba, haƙƙinki ne.

Sannan ki duba abin da kuɗin yake saya. Lambar kujerarki tana rubuce a katinki, ko ke ce ta ƙarshe babu mai zama a kai. Abin da masu biya suke nema shi ne wuri a lokar sama, ma'ajiyar kaya da ke saman kujeru, kafin ta cika. To ke mai yara, jakar da ta fi miki muhimmanci ba ta sama ba ce. Famfas, fida, ruwa, biskit, kayan canji, duk a ƙarƙashin kujerar gabanki ya kamata su zauna, inda hannunki zai kai ba sai kin miƙe da jariri a kafaɗa kina lalube bisa kan mutane ba. Sauran kaya ki ba da su a wajen awo, ki shiga hannu sake.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa masu yara: wanda ya fara shiga shi ya fi kowa daɗewa a zaune. Legas zuwa Kano kamar awa ɗaya da rabi ne a sama. Kafin fasinja su gama shiga a rufe ƙofa, minti 30 zuwa 40 sun tafi, ga jiran izinin tashi. Jirgi kuma idan yana ƙasa da rana a Legas, sanyinsa ba ya kai yadda ake so sai an tayar da injuna. Na sha zama da yaro ɗan shekara uku a wannan hali. Minti goman farko yana murna, ya ɗaga murfin taga ya sauke, ya buɗe tebur ya rufe. Daga nan gumi ya fara tsattsafo masa a wuya, ya cinye biskit ɗin da kika tanada don tsakiyar tafiya, ya fara dukan kujerar gaba da ƙafa, mai kujerar ya waiwayo. Ana cewa a ɗaura bel sai ya ce fitsari. Duk wannan jirgi bai motsa ba. Haƙurin yaro kamar cajin waya ne, in kin ƙarar da shi a ƙasa babu abin da zai rage miki a sama. In tafiyarki ta faɗo lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ki ƙara da lissafin hazo, domin jiragen Arewa sukan yi jinkiri idan ba a gani sosai a Kano.

Wani abin kuma, ba kullum ake jona jirgi da gini ba. Idan ya tsaya nesa, bas ake zuba mutane a kai su gindin matakala. Wanda ya fara shiga bas shi ake turawa can ciki, in an isa kuma waɗanda suka shiga daga baya su ne a bakin ƙofa, su za su fara hawa. A irin wannan rana wanda ya biya bai sayi komai ba.

Amma kada ki fahimce ni da cewa shiga da wuri ba shi da amfani. A tafiyar Kano, tunda ke kaɗai ce, ki shiga lokacin da aka kira masu yara. Kina buƙatar sarari ki kwance goyo, ki zaunar da babban, ki tura jaka ƙarƙashin kujera ba tare da mutum ashirin na tsaye a bayanki suna jira ba. Abin da za ki yi kafin nan shi ne ki bar yaron ya yi ta zirga-zirga a zauren jira har ya gaji, ki kai shi bayi, ki canza wa ƙaramin famfas ana gab da kira. A tafiyar Ingila kuwa lissafin ya bambanta. Babban jirgi ne, shigar mutane kaɗai takan ci kusan awa guda, ga tafiyar fiye da awa shida a gaba. Can ni ba na gaggawa, sai layi ya yi sauƙi nake tashi. Ranar da kuke tare da babansu abin ya fi daɗi: shi ya shiga da wuri da jakunkuna ya shirya wuri, ke ki tsaya da yara a waje har kiran ƙarshe.

Inda nake so ki kashe kuɗin, in har za a kashe, shi ne zaɓen kujera. Wannan ne abin da ke hana uwa barci. Yaron da ya kai shekara biyu kujerarsa daban, wanda bai kai ba a cinyarki zai zauna, a wasu jiragen su ba ki ɗan ƙaramin bel da ake saƙalawa a naki. Kamfanoni suna ƙoƙarin haɗa uwa da ɗanta, amma idan kin zo a makare jirgi ya cika, sai ki tarar an ba ki layi na 9 an ba shi na 21, ki koma roƙon baƙi su yi miki musanya da jariri a hannu. Wasu za su tashi da fara'a, wani kuma ya ce shi ma biya ya yi, kuma gaskiyarsa ce. Ki zaɓa tun wajen sayen tikiti, ko ki shiga intanet da zarar an buɗe rajistar tafiya, wanda yawanci awa 24 ne zuwa 48 kafin tashi. Ki ba babban taga, ke ki zauna gefensa ki tare hanya. Ki kuma duba irin jirgin. Boeing 737 kujeru uku-uku ne kowane gefe. Akwai ƙaramin Embraer da wasu kamfanoninmu ke amfani da shi mai kujera ɗaya a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, to na biyun za ki nema. Kada ki taɓa layin ƙofar gaggawa ko da ya fi faɗi, ba a barin yara a wurin, tayar da ku za a yi.

A doguwar tafiya akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bango a layin gaba. Ba su da yawa, sai kin kira kamfanin tun da wuri kin nema, kuma akwai iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11 a yawancinsu, don haka ki auna yaronki kafin ki kira. Layin yana da nasa cikas: babu kujera a gabanki da za ki tura jaka ƙarƙashinta, dole komai ya hau sama lokacin tashi da sauka, kuma hannun kujerun wurin galibi ba ya ɗaguwa, babban ba zai iya miƙewa a cinyarki ba. Duk da haka, ga mace ita kaɗai da yara biyu, samun inda za ki ajiye jariri ki ci abinci da hannu biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ni zan ɗauka.

Wuri ɗaya da biyan kuɗin fara shiga yake da ma'ana shi ne jiragen araha na Turai, in Allah ya kai ku kuka tashi zagayawa. A Ryanair da Wizz Air tikitin talaka ƙaramar jaka ɗaya kawai ya yarda da ita, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera. In kin biya kuɗin fara shiga, shi ke ba ki damar ƙara akwati mai taya na kilo 10 a lokar sama. Ashe kuɗin kaya ne kike biya. Ko a nan ma ki kwatanta da kuɗin ba da akwatin a wajen awo, domin jan akwati a matakala da yara biyu wahala ce. Shi kuwa easyJet yana shigar da masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar da wuri ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Keken jariri ana bari ki tura shi har ƙofar jirgi, su liƙa masa takarda su karɓa. Ki tambaya ko a ƙofa za a dawo miki da shi ko sai wajen ɗaukar kaya, saboda a manyan filaye tafiyar da ke tsakani tana da tsawo. Shi ya sa ko da keke, zanin goyonki ya kasance a jakar hannu. Madara da ruwan jariri ana barinsu su wuce bincike ko sun haura mil 100, ki dai fito da su ki nuna. Idan jirgi ya fara sauka ki ba ƙaramin nono, babban ki ba shi abin tsotsa, haɗiya ce ke buɗe musu kunne. Takardun haihuwarsu su kasance a hannunki, na waje kuma ki haɗa da takardar amincewar babansu, jami'an shige da fice sukan tambaya.

Ba ki faɗi unguwarku ba. In Agege kike ko Ikeja da sauƙi, amma in daga Obalende ko Ajah za ki taso, ki ba gosulon gada da na Oshodi haƙƙinsu, ki kasance a fili awa biyu kafin jirgin Kano, uku ko fiye kafin na waje. Ki kuma tabbatar da ɓangaren da kamfaninki ke tashi tun daren jiya, domin MMA2 da tsohon ɓangaren ba gini ɗaya ba ne, kuma canza wuri da yara da kaya yana cin lokaci.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi biki lafiya. Ki gaishe min da mutanen Kano.