Ga 'yar'uwar da ke son barin Landan ta koma Leighton Buzzard

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai na ga kamar ni na rubuta ta. Aiki daga gida, haya ta shaƙe ki a Landan, an ce miki Leighton Buzzard da sauƙi, kina tambaya ko za ki iya zama ke kaɗai. Shekara biyu na yi a garin nan, bari in faɗa miki abin da na gani.

Garin kam ba laifi. Jirgin ƙasa zuwa tashar Euston a Landan bai kai awa ɗaya ba, kasuwa na ci Talata da Asabar, ga hanyar bakin ruwa ta Grand Union idan kina son miƙe ƙafa. Amma da safe kowa ya ɗauki jaka ya nufi tasha, unguwa ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na taɓa yin kwana huɗu ban yi magana da ɗan Adam ido da ido ba, sai mai kawo saƙo, shi ma ajiyewa ya yi a bakin ƙofa ya ɗauki hoto ya juya.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da mai gidan hayata ya yi mini. Disambar 2022, makon da aka yi dusar ƙanƙarar nan, boila, wato na'urar ɗumama gida da ruwa, ta mutu. Na kira, na tura saƙo, na tura imel. Ya ce gobe. Goben nan kwana tara ta yi. Da rigar sanyi biyu da safar hannu nake zama gaban kwamfuta, na kashe kyamara don kada abokan aiki su ga hayaƙi na fita daga bakina. Alwala sai na dafa ruwa a ketil. Wata rana muna tsakiyar mitin yatsuna suka ƙi danna komai, na kashe makirfo na yi kuka mai isata, ga shi ƙarfe huɗu ba ta yi ba duhu ya rufe. Umma ta kira daga Zariya na ce mata lafiya lau, mura ce kawai. Mutumin nan da ya zo ƙarshe, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi wai ni ce ban iya kunna ta ba. Ni! Da zan tashi kuma ya riƙe kuɗin ajiyata, wai fumfunar bango laifina ce don ba na buɗe taga. Allah ya isa, har yau ban yafe ba.

Don haka kafin ki sa hannu, ki sa a kunna hita a gabanki, ki ja kujera ki leƙa bayan kabad ko akwai damshi. Mai zuwa ofis kwana kawai yake yi a gida, ke kuwa wuni za ki yi, kuɗin gas ɗinki ba irin nasa ba ne. Ki ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga. Doka ta ce kuɗin ajiya kar ya wuce hayar mako 5, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya cikin kwana 30. Ta nan na kai ƙara, ban biya ko sisi ba, aka dawo mini da mafi yawansa. Ki gwada ƙarfin intanet a gidan ma, kar ki yarda da bakin dillali.

Naman halal da kayan miya garin Luton da ke kusa nake zuwa, unguwar Bury Park, in cika firiza. Daddawa da kuka kuwa sai dai a taho miki da su. Manyan shaguna awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi, ya sha kama ni. Ki riƙa shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, su kansu Turawan ana ba su wannan shawarar. Kuma don Allah ki ɗauki kwamfutarki ki tafi laburare ko sau biyu a mako, ko gaisuwar tsofaffin nan ma wani abu ce.

Af, ba ki faɗa ba, kina tuƙi? In ba ki da mota ki nemi gida ta ɓangaren Linslade, can tashar take.